Ɗan Aiken Da Ya Yi Sammako

Tururi ya cika banɗakin har madubi ya daina nuna kowa. Darakta na durƙushe, hannun rigarta a naɗe, tana goge wa 'yarta jiki da tawul, rabin hankalinta yana can yana bitar jawabi, sai yarinyar ta noƙe kafaɗa ta ja da baya.

"Umma, a hankali mana. Akwai tsakuwa a nan."

"Tsakuwa kuma? A ina?"

Kurciya ta kamo yatsan uwarta ta ɗora a ƙirjinta ta wajen hagu. Ga shi nan kuwa a ƙarƙashin fata, ɗan ƙullutu mai tauri, bai fi ƙwayar wake ba. Famfo na ɗiga cikin bokiti, ɗis, ɗis, Darakta ta ji kamar daga wani gida can nesa ƙarar take zuwa.

"Tun yaushe kike jin ta?"

"Tun ranar da haƙorina ya fita." Ta washe baki ta nuna wawulonta, tana ji da shi kamar lambar yabo. "Ko haƙorin ne ya faɗa ciki?"

Darakta ta yi dariya, don ba ta da abin yi ban da dariyar. Ta naɗe yarinyar a tawul tun daga wuya har ƙafa, ta rungume ta fiye da yadda sanyi ya buƙata. Shekarun Kurciya bakwai ba su ma cika ba. Har yanzu takalmin hagu take sa wa a dama, har yanzu ba ta barci sai da 'yar tsanarta ta tsumma mai ido ɗaya. Gaskiya ne a 'yan watannin nan ta miƙe, ta kere duk 'yan ajinsu tsawo, rigunanta sun ɗage, kowa a gidan yana yaba girman. Amma uwarta ta san tsakuwar nan. Ai aikinta ke nan. Shekara da shekaru tana haska hoton a bangon ɗakunan taro, zanen wata yarinya marar fuska da ɗan jan da'ira a ƙirji. Yau ga yarinyar zanen ta samu fuska, har da wawulo.

* * *

A ma'aikata, ita ce shugabar sashen da ke sa ido kan sinadaran da ke shiga jikin mutane ba sallama. Masu shara da direbobi, in ba ta kusa, Uwar Roba suke kiran ta, don ba wanda ya isa ya wuce ƙofar ofishinta da abinci mai zafi a leda ba ta tare shi ba. Ita ta rubuta dokar da ke gaban majalisa, ita ta yi ta yawo da ita ofis-ofis kamar mai neman wa maraya gida. Dokar ba ta da tsawo. Cewa ta yi a cire wasu sinadarai daga kwalbar shayar da jarirai, da kofuna da kwanukan roba na yara, da ledar da ake zuba abinci mai zafi, domin zafi kan sa su tsattsafo cikin abin da za a ci.

Wahalarta tun farko ita ce baki. Abin da ke cikin littattafanta ba shi da suna a bakin mutane, in ta faɗi sunan littafi sai ta ga idanu sun lumshe. Sai ta yi wa abin nata sunan, ta ce 'yan aike. Shi ta jawo wa Kurciya a mota, a hanyar asibiti, da yarinyar ta tambayi me ya sa za a je wajen likita alhali ba ta zazzaɓi.

"Kin san jikin mutum gari ne guda? Akwai 'yan aike ƙanana a ciki, suna yawo cikin jini suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Wani ya ce wa ido lokacin barci ya yi. Wani ya ce wa ƙafa ta ƙara tsawo. Akwai wani kuma, shi sai yarinya ta girma sosai yake zuwa, ya ce to, a fara shiri."

"Nawa ya zo ke nan?"

"Ina jin sammako ya yi."

Kurciya ta manna hanci a gilashi tana kallon masu tsallaka titi, kamar za ta gano shi a cikinsu. Can ta ce, "Wa ya aiko shi?"

A ɗakin taro, nan ne Darakta kan ɗaga murya ta ce akwai baƙin da ke satar rigar 'yan aike, su shiga gari su yi ta isar da saƙon da ba wanda ya ba su. A motar kuwa sai ta kunna rediyo, ta ce wa yarinyar ta gyara zama.

Likitar yaran ƙawarta ce tun makaranta, mace mai faɗin fuska da ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta duba, ta auna tsawo, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta tura Kurciya ta je ta ga kifayen da ke cikin gilashi a ɗakin jira.

"Shi ne, balaga ce ta zo kafin lokaci," ta ce. "Kin riga ni sani. In sakamako ya fito akwai allurar da za ta sa abin ya dakata, kada ki tashi hankalinki. Ku dawo ranar Laraba da yamma."

Ranar Laraba ce ranar da kwamitin majalisa zai zauna a kan dokarta. Wata tambaya ce ta kuɓuce mata, irin wadda ita da kanta ke amsa wa mutane. "Me ya jawo?"

"Ke kike tambayata? Wataƙila gado. Wataƙila abin da kike yaƙi da shi. Wataƙila duka, wataƙila ba ko ɗaya. Ba ni yara dubu in nuna miki inda iska ke kaɗawa, amma a kan yarinya ɗaya ba mai rantsuwa." Ta dafa mata hannu. "Kin fi ni sanin wannan, ƙawata."

Ta fi ta sani kuwa. Ba ta dai taɓa jin yadda kalmar wataƙila take da sanyi ba sai yau da aka miƙo mata ita.

* * *

Lauyan sashensu gajere ne, mai surutu, yana da wata ɗabi'a ta tauna murfin biro idan yana tunani. Darakta ta gaji da fizge masa, har ta sa masa ido. Ta same shi washegari ya baza takardu a tebur, murfin a baki.

"Kin san sunan da shugaban kwamiti ya raɗa miki? Madam Wataƙila. Wai duk abin da aka tambaye ki sai ki ce wataƙila." Ya nuna layi ɗaya da yatsa. "Duk rigimar a nan take. Mu mun ce an haramta. Masu masana'anta suna so a ce a ci gaba da nazari. In suka samu wannan, sai jikokinmu su zo su tarar ana nazari."

"Muna da bincike."

"Muna da jadawali. Jadawali bai taɓa sa kowa kuka ba, Darakta. Mutanen nan fuska suke so."

Ba ta yi niyyar gaya masa ba. Tana kallon taga ne, inda wata farar leda ta maƙale a reshe tana cika tana tsiyayewa kamar mai numfashi, sai ta ji bakinta yana ba da labarin tsakuwa. Lauya ya cire murfin biro daga bakinsa a hankali, ya dube shi, ya jefa a kwandon shara. Ya yi addu'ar Allah ya ba yarinya lafiya, kuma da gaske yake. Sannan ya gyara zama.

"Zan faɗi wata magana. In kin ga dama ki jefe ni da takalmi."

"Kada ka faɗa."

"Ba sai ta yi magana ba. Ta shigo kawai ta tsaya kusa da ke, ki faɗi shekarunta."

"In ce musu me? Roba ce ta yi mata? Ban sani ba."

"Ba ke za ki ce ba. Ki bar su su ce da kansu."

"Kafin magariba hotonta yana cikin kowace waya. Ta je makaranta ana nuna ta da baki. Yarinyar da har yanzu take tsammanin haƙori ne ya faɗa mata ciki."

"Na sani." Ya tattara takardun yana daidaita bakinsu, bai dube ta ba. "Ke dai kina da ƙawa likita, kina da allura. Ina tunanin sauran ne, waɗanda uwarsu ba darakta ba ce."

Ta so ta jefe shin da takalmi. Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba, kuma maganar ta biyo ta har mota ta zauna a kujerar baya.

* * *

Ranar ta tashi aiki da wuri, abin da ba ta saba ba. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta rawaya a baranda, ga Iya, mahaifiyarta, zaune a tabarma, Kurciya ta jingina da cinyarta tana shan madara mai ɗumi. Darakta ta tsaya cak riƙe da makulli. Ba madarar ta tsayar da ita ba, kofin ne.

Tun tana da cikin Kurciya ta kwashe duk wata roba da ke ɗakin girki ta fitar. Gilashi da ƙarfe kawai ta bari, har baban yarinyar, da aiki ya kai shi wani gari mai nisa, yake tsokanarta a waya wai gidansu ya koma ɗakin tiyata. Amma wannan kofin ba ta gan shi ba a lokacin. Rawaya ne da ya koɗe, cikinsa duk ƙarce-ƙarcen cokali, mariƙinsa a karkace. Ta san shi kamar tafin hannunta.

Mahaifinta a masana'antar roba ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Kayan da injin ya ɓata, shi ake bari ma'aikata su kai gida, bokiti mai bakin da ya zumɓure, faranti mai kala biyu, da wannan kofin da ya ce na Auta ne, wato ita, don ita ma a karkace take tafiya. Da yamma idan ya dawo takan ruga ta cusa fuska a rigarsa. Ƙanshin sabuwar roba ke tashi, ɗumi-ɗumi, zaƙi-zaƙi. Har yau in ta shiga kanti ta ji ƙanshin nan sai zuciyarta ta yi tsalle ta ce Baba ya dawo, sannan ilminta ya zo daga baya yana tsawa.

"Kurciya, jeki ɗaki ki duba 'yarki," ta ce.

Iya ta bi jikarta da kallo tana tsokana. "Tafi, zanƙaleliya. Kin kusa kamo ni tsawo, amma ba ki kamo ni kyau ba." Sai da labule ya faɗa sannan murmushin ya sauka daga fuskarta. Ta ɗauki kofin ta riƙe da hannu biyu.

"A ƙasan akwatina na ajiye shi, cikin zannuwa. Na ga kin shigo da buhu kina kwasa kamar masu kamen kaya. Tun da aka yaye ta ba ta yarda ta sha madara sai a ciki."

Darakta ta zauna a bakin tabarma. Ta riga ta gaya wa Iya maganar likita tun jiya, tsohuwar ta ce girma ne, ai abin godiya ne. Ashe ta kwana tana juya ta.

"Auta, kofin ne?"

Da ta ce a'a, da tsohuwa ta samu barci. Da ta ce e, da ita kanta ta samu abin da za ta kama ta fasa. Akwai roba a makaranta, akwai a bututun ruwa, akwai a man shafawa da turaren da maƙwabta ke fesa wa yarinyar don so, ina za ta fara?

"Ban sani ba, Iya. Wataƙila ba shi ba ne."

"Wataƙila kuma shi ne."

"Wataƙila."

"Duk karatun nan naki," Iya ta ce, ba da faɗa ba. "Ki ce mini e ko a'a, in san irin kukan da zan yi."

Iya ta shafa mariƙin da babban yatsa, ta ce a hankali, kamar da kofin take, "Ke ma a ciki kika sha." Su biyun abu ɗaya suka tuna, shekarun da Auta ta yi da aure tana zaryar asibiti kafin Allah ya kawo Kurciya. Hasken baranda ya janye daga tabarma ya hau bango, madarar da ta rage ta yi fata.

* * *

Ranar Laraba mota ɗaya ce gare su, asibitin kuma yana kusa da majalisa, don haka Darakta ta taho da Iya da Kurciya ta zaunar da su a kan benci a dogon barandar da ke gaban ɗakin kwamiti. Haka ta gaya wa kanta, wai don mota ɗaya ce. Lauya ya gan su, ya dube ta.

Ɗakin dogo ne, sanyin na'ura ya yi yawa, labule masu nauyi sun hana rana shiga, sai mutum ya rasa safiya ce ko yamma. A gaban kowane mai girma an ajiye ruwan roba da shayi mai tururi a ɗan farin kofin nan da ake sha a yar. Darakta ta ga tururin yana tashi a jere, ta kau da kai. A baya 'yan jarida sun kafa kyamarori.

Ta yi jawabinta, kuma ta yi shi da kyau. Ta kawo 'yan aike, ta kawo baƙin da ke satar rigarsu, ta haska zanen yarinya marar fuska. Wasu sun gyaɗa kai, ɗaya ya yi gyangyaɗi.

Wakilin masu masana'anta ya miƙe, mutum mai furfura da tattausar murya. Bai yi musu da ita ba, nan ne gwanintarsa. Ya ce yana girmama ilmin Darakta. Ya ce a masana'antunsu akwai magidanta masu dawowa gida da yamma 'ya'yansu su rugo su tare su, in an rufe layin aiki gobe, me za a ce wa yaran nan? Darakta ta ji ƙanshin rigar Baba ya ratsa sanyin ɗakin. Ya ce shi abu ɗaya kawai ya lura da shi a takardunta, ya ɗaga su sama, kalmar wataƙila ta fi kowace kalma yawa.

Shugaban kwamiti ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai fara'a, mai son a gama taro kowa yana dariya. Ya cire tabarau ya jingina.

"Madam Wataƙila, ni ba ɗan boko ba ne irinku. Ki taimake ni. Duk ƙasar nan, ki nuna mini yaro ɗaya. Ɗaya tak, in gan shi da idona, ki ce ga abin da roba ta yi masa. Wallahi yau ɗin nan zan sa hannu."

Ƙofar ɗakin tana da gilashi a tsakiya. Daga inda Darakta take tsaye tana hango ƙarshen bencin, ƙafafu biyu suna lilo, takalmin hagu a dama.

Sai ta ga kanta ta ajiye takarda ta taka. Kafet ɗin ya yi laushi kamar ana tafiya cikin ruwa. Ta buɗe ƙofa, ta miƙa hannu, ɗan hannu mai ɗumi ya shiga nata. Suka shigo tare. Ta ji muryarta tana faɗin shekaru, ta ji ɗakin ya yi tsit, kyamarori suka juyo da wuyansu gaba ɗaya. Shugaba ya ɗauki biro. Can a garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, ta ga ana kwashe kwalabe daga kantuna, jarirai suna barci, ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Sannan ta dubi gefenta. Kurciya ta daina murmushi, ta rufe wawulonta, idanun manya sun sauka a ƙirjinta, a hankali ta ɗaga hannuwa biyu ta harɗe su a kai, ta ranƙwafar da kafaɗa. Darakta ta san ranƙwafawar nan. In yarinya ta koye ta, ba ta ƙara miƙewa.

"Madam?"

Tana nan inda take, takarda a hannu, ba ta motsa ba. Lauya ya zuba mata ido. Ƙafafun suna ta lilonsu.

"Ranka ya daɗe, ba ni da yaron da zan kawo maka." Ta ajiye takardar. "Ko da na kawo, ba zan iya rantsewa a kan yaro ɗaya ba. Abin a cikin dubbai yake nuna kansa. Wataƙilar da kuke ji, ba rashin sani ba ce. Iyakar abin da mai gaskiya zai iya faɗa ke nan, kuma ni a ganina ta isa a cire abu daga bakin jariri."

"Kun ji ko," shugaba ya ce da fara'a, yana duban 'yan uwansa. "Da bakinta."

Ba a daɗe ba. Aka soke an haramta, aka rubuta a ci gaba da nazari. Aka yaba wa Darakta bisa kishinta, har da tafi. Lauya ya tattara jakarsa ya fita ta ɗaya ƙofar, bai jira ta ba.

* * *

A baranda Iya ta miƙe tana gyara mayafi, ta dubi fuskar 'yarta sau ɗaya, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Kurciya ta rugo ta rungume ƙugun uwarta tana ba ta labarin wata ƙadangaruwa da ta gani a taga. Sai ga shugaban kwamiti ya fito da jama'arsa, ya ja birki.

"A'a, Madam, wannan budurwar taki ce? Masha Allah. Zo mu gaisa, 'yammata. Shekararki nawa, goma?"

"Bakwai saura kaɗan," Kurciya ta ce, ta nuna masa wawulo don shaida.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, yaran yanzu. Sai ka ce taki ake zuba musu. Jikata ma haka take, sa'arta ce, amma in kin gan ta sai ki rantse ta gama firamare. Uwarta har ta fara saya mata 'yar rigar ciki."

Darakta ta ji barandar ta yi tsawo, muryoyi sun yi nisa. "Ranka ya daɗe," ta ce a hankali, yadda jama'arsa ba za su ji ba, "da an kai ta likita ya duba ta."

"Likitan me? Lafiyarta ƙalau, ci take kamar me. Girma ne, Madam, albarka ce." Ya shafa kan Kurciya. "Ke dai komai sai kin sa masa wataƙila. A gaida gida."

Ya wuce, takalmansa suna ƙara a kan tayil, jama'arsa na biye. Iya ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Bakinta ya motsa, ta maimaita kalmarsa ba sauti, girma, kalmar da ita ma ta faɗa shekaranjiya.

* * *

An yi allurar farko da yammar nan. Kurciya ta yi kuka kaɗan, aka manna mata filasta a cinya, ta roƙi likita ta ba ta guda ɗaya ta tafi da shi gida.

Da suka dawo rana ta kusa faɗuwa. Darakta ta zauna a falo da jakarta a cinya, ba ta ko cire takalmi ba. Waya ta yi ta haske a cikin jakar, ta ƙyale ta. A kan taga ta hango kofin rawaya. Iya ba ta iya jefar da shi ba, ba ta kuma mayar da shi akwati ba. Ta wanke shi ta kife, sannan ta sake tunani ta tayar da shi, ta saka haƙorin Kurciya da ta tsinta ta adana a ciki.

A ƙasan tebur yarinyar ta yi gida da kwali da mayafin kakarta. Ta manna wa 'yar tsana filasta a cinya, ta kwantar da ita, ta ja mata tsumma har wuya. Darakta tana jin ta tana mata magana ƙasa-ƙasa, da irin muryar da ita take yi mata.

"Kada ki yi kuka, ai an gama. Ki ji, in an ƙwanƙwasa kada ki buɗe. Ki ce ba kowa. Ki ce ya tafi ya dawo idan kin girma."

Iya na ɗakin girki, cokali na kaɗa madara a kofin gilashi, ƙararsa siririya. Labule ya motsa. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar gida, ƙwas, ƙwas, wataƙila maƙwabciya ce, wataƙila mai kawo ruwa.

Darakta ta yunƙura za ta tashi, sai ta ga ƙasan tebur ya yi tsit. Kurciya ta ja ƙafafunta ciki, ta sauke mayafin ya rufe ƙofar kwalin. Ta ɗan tsagar da ta rage, uwarta ta hango ta a takure, ido a buɗe, ta ɗora tafin hannu a bakin 'yar tsana.

Aka sake ƙwanƙwasawa.